Ƙanwata ta ce sista za ta zama: daga ina rashin auren nan ya samo asali?

Tambaya: Malam, ƙanwata ta gama karatun jinya, ga manema suna sintiri a ƙofar gida, sai ta tashi ta ce ita sista za ta zama. Mu 'yan Katolika ne, amma ba a taɓa yin haka a danginmu ba, mahaifiyarmu kuwa ta ƙi ci ta ƙi sha. Shin wannan abu yana cikin Littafi Mai Tsarki, ko Turawa ne suka ƙago shi? In kuma ta shiga ta ga ba za ta iya ba, akwai hanyar fita?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanyaya zuciyar Mama. Kukanta ba rashin bangaskiya ba ne, kada kowa ya sa ta ji kamar ta yi saɓo. Uwar da ta raini 'ya tana lissafin jikoki, dole abin ya dake ta.

Babu ayar da ta umarci mace ta zauna ba aure. A Tsohon Alkawari ma akasin haka ake gani: rashin haihuwa abin baƙin ciki ne, har 'yar Yefta ta roƙi mahaifinta wata biyu ta je kan duwatsu da ƙawayenta su yi kukan za ta mutu budurwa, kamar yadda yake a sura ta 11 ta Littafin Mahukunta. A Sabon Alkawari ne magana ta sauya. A Matiyu 19:12 Yesu ya ce akwai waɗanda suka mai da kansu babanni saboda Mulkin Sama, ya kuma rufe da cewa wanda zai iya ɗauka ya ɗauka. Manzo Bulus ya fi kowa faɗaɗa zancen a 1 Korintiyawa sura ta 7, kuma ya yi adalci: ya ce game da budurwai ba shi da wani umarni daga Ubangiji, ra'ayinsa kawai yake bayarwa. Budurwar da ta yi aure ba ta yi zunubi ba. Amma marar aure hankalinta na kan sha'anin Ubangiji, matar aure kuwa hankalinta ya rabu, tana neman yadda za ta faranta wa mijinta. A Ayyukan Manzanni 21:9 an ambaci Filibus mai bishara da 'ya'yansa mata huɗu, budurwai masu yin annabci, a Kaisariya. Sannan 1 Timoti 4:3 ta lissafa masu hana mutane aure cikin masu koyarwar ƙarya. Ka ga iyakar abin ke nan: an yarda mutum ya bar aure da kansa don Allah, ba a yarda wani ya hana shi ba. Duk tarihin da ya biyo baya, in ka tace shi, kokawa ce a kan wannan iyaka.

Don ka gane nauyin abin a wancan zamani, sai ka san yadda yarinya take a Daular Rum. Doka ta yarda a aurar da ita tana da shekara 12, kuma uba ne mai zaɓa. Sarki Agustus ya kafa dokoki, ɗaya a shekara ta 18 kafin haihuwar Almasihu, ɗaya a shekara ta 9 bayanta, waɗanda suka tauye wa marasa aure da marasa 'ya'ya haƙƙin cin gado. Sai a shekarar 320 Sarki Kwanstantin ya soke wannan hukunci. Saboda haka yarinyar da ta ce ba za ta yi aure ba, ta yi wa ubanta tawaye, ta yi wa gwamnati. Romawa suna da nasu budurwai masu tsaron wutar allahiya Besta, amma su shida ne kacal, ana ɗauko su tun suna tsakanin shekara 6 da 10 ba tare da an nemi ra'ayinsu ba, su yi shekara 30 suna hidima sannan a sallame su. Wannan aikin gwamnati ne. Abin da Kiristoci suka zo da shi daban ne: 'yar kowa, baiwa ko 'yar sarauta, tana iya cewa ta ba da kanta, har mutuwa.

Shi ya sa labaran waliyyai budurwai da aka kashe saboda bangaskiya suke kama da juna. Agata ta Kataniya a tsibirin Sisili, wadda aka kashe wajen shekarar 251. Lusiya ta Sirakusa da Agnes ta Roma, dukansu wajen 304, a zamanin tsanantawar Sarki Diyokletiyan. Wani mai iko ko ɗan mai iko ya nema, ta ƙi, ya kai ƙararta cewa Kirista ce. Agnes ba ta wuce shekara 12 ko 13 ba. Mutuwarsu da girmama kaburburansu tsohon abu ne tabbatacce, amma dogayen labaran da ake karanta wa yara, da muhawara da alƙali da wutar da ta ƙi ci, an rubuta su ne shekaru masu yawa bayan abin ya faru, kuma masu rubutun sun ƙara gishiri. Ni ba na ɓoye wa ɗalibaina wannan. Har yau a ranar 21 ga Janairu, ranar Agnes, al'ada ce a Roma a sa wa 'yan raguna albarka, da ulunsu ake saƙa ɗan mayafin da Fafaroma yake ba manyan bishop-bishop.

Batun Turawa kuwa, a nahiyarmu abin ya fara yin jijiya. Rubuce-rubucen farko da muke da su a harshen Latin a kan budurwai masu wa'adi, wato waɗanda suka yi wa Allah alkawarin zama ba aure, daga Kartaj suka fito, kusa da birnin Tunis na yanzu: Tartuliyan a farkon ƙarni na 3, sai Bishop Sifiriyan wajen shekarar 249. A lokacin babu gidan sistoci ko ɗaya. Yarinya tana zaune a gidan iyayenta, tana azumi da addu'a, jama'ar ikilisiya sun san ta yi wa'adi, shi ke nan. Zama tare a gida ɗaya a Masar ya kankama. Antoni, wanda ake kira uban masu zuhudu, kafin ya shiga hamada wajen shekarar 270 sai da ya danƙa ƙanwarsa a hannun wasu budurwai amintattu. Bayansa Pakomiyus, wanda ya tsara zaman zuhudu na jama'a a kudancin Masar, ya gina wa 'yar'uwarsa Maryamu gida, mata suka taru a ƙarƙashinta. Wannan duk kafin Ingila ko Jamus su san me ake ciki.

Wadda na fi so a cikin matan wannan zamani ita ce Makrina, a ƙasar da take Turkiyya a yau. An yi mata baiko tana yarinya, saurayin ya rasu kafin biki, ta ce ita ta riga ta yi miji, ba ta sake wani. Ta zauna da mahaifiyarta, a hankali ta mai da gidan gonarsu wurin ibada, ta shawo kan uwar har suka riƙa cin abinci ɗaya da kwana iri ɗaya da kuyanginsu. Ita ta tanƙwara ƙanenta Basil da ya dawo daga karatu a Atina yana hura hanci, shi ne kuma ya zama Basil Babba da ikilisiyoyin Gabas suke bin ƙa'idarsa ta zuhudu har yau. Ta rasu a 379, wani ƙanen nata, Giregori na Nissa, ya rubuta tarihinta.

A ƙarni na 4 ɗin nan ne aka mai da wa'adin biki a gaban jama'a. Amaryar Romawa da lulluɓi ake kai ta, don haka bishop ya riƙa lulluɓa wa budurwa mayafi a coci, ana ce mata amaryar Almasihu. Mayafin da kake gani a kan sistoci da zoben da wasunsu suke sawa daga nan suka gangaro. Marselina, yayar Bishop Ambros na Milan, ta karɓi nata daga hannun Fafaroma Liberiyus a ranar Kirsimeti wajen shekarar 353. Ambros kansa ya cika wa'azin budurci har iyaye mata a Milan suka riƙa hana 'ya'yansu zuwa sauraronsa, shi da kansa ya yi ƙorafin haka, yana cewa ga 'yan mata na zuwa daga Bolonya, har daga arewacin Afirka, amma na garinsa an tsare su a gida. Ka gaya wa Mama ba ita ce ta fara ba.

An yi wuce gona da iri, ba zan rufa wa kowa asiri ba. Jerom, babban malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya ɗaukaka budurci har ya riƙa muzanta aure. A 384 wata matashiya a Roma mai suna Bilesila, wadda mijinta ya rasu, ta bi shawararsa ta tsananta azumi, cikin 'yan watanni ta mutu. Mutanen gari suka fusata, a shekarar da ta biyo ya bar Roma ya nufi Baitalami. Wani mai zuhudu, Jobiniyan, ya tashi ya ce budurwa da gwauruwa da matar aure, in dai an yi musu baftisma kuma ayyukansu ɗaya, ladansu ɗaya. Aka yanke masa hukuncin bidi'a, amma martanin da Jerom ya rubuta masa a 393 ya yi zafi har abokan Jerom ɗin a Roma suka bi suna janye kwafin daga hannun mutane. Agustin, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, shi ya daidaita zance wajen shekarar 401: aure abu ne mai kyau a kan kansa, budurci don Allah ya fi shi, amma matar aure mai biyayya ga Allah ta fi budurwa marar biyayya. Bayan an ci birnin Roma da yaƙi a 410, aka yi wa mata da yawa fyaɗe har da masu wa'adi, Agustin ya ce ba su rasa tsarkinsu ba, domin tsarki a niyya yake, mai ƙarfi ba ya ƙwace shi. A ganina wannan ita ce magana mafi daraja da aka yi a kan batun gaba ɗaya, kuma matan da 'yan bindiga suka sace a ƙasarmu sun cancanci a faɗa musu ita daga kan mumbari.

Yanzu ga ɓangaren da ya kamata ka riƙe. Wannan hanya da ta zama mafaka ga yarinyar da ba ta son auren dole, ita ce kuma ta zama wurin da iyaye suke jibge 'ya'yan da ba sa son kashe wa kuɗi. Tun a 458 Sarki Majoriyan ya kafa dokar hana lulluɓa wa mace mayafi kafin ta kai shekara 40, dalilinsa kuwa iyaye na tura 'yan mata don dukiyar gida ta zauna a hannun sauran 'ya'ya. Dokar ba ta wuce shekara biyar ba aka soke ta. A Turai dangin amarya ne suke biyan dukiyar aure, kamar a ce nauyin kayan ɗaki da gara a wurinmu amma ninki ba ninki, abin da gidan zuhudu yake karɓa kuwa kaɗan ne a kan wannan. Attajirin Venis mai 'ya'ya mata huɗu sai ya aurar da ɗaya da kyau, ya kai sauran a rufe. Wata daga cikin irin waɗannan 'yan mata, Arkanjela Tarabotti, wadda aka kai gidan zuhudu na Sant'Anna tana yarinya ta zauna har ta rasu a 1652, ta rubuta littafi mai zafi tana kiran abin zaluncin iyaye maza. Babban taron bishop-bishop na Katolika a garin Trent ya yi ƙoƙarin toshe wannan a 1563: ba wa'adi kafin shekara 16, sai an yi shekara guda ta gwaji, bishop ya tambayi yarinya ko da son ranta ta zo, wanda kuma ya tilasta wa mace shiga an la'ance shi. Tarabotti ta rayu ne bayan wannan doka, ka ga ba nan da nan doka take canza hali ba.

A gefe guda kuma ga waɗanda dangi suka yi ta ja da su. Kilara ta Assisi ta sulale daga gidan ubanta da dare a 1212, tana da shekara 18, Waliyyi Faransis na Assisi ya yanke mata gashi alamar ta ba da kanta ga Allah. Da 'yan'uwanta maza suka zo ɗaukarta da ƙarfi sai ta riƙe mayafin bagade ta buɗe musu kanta. Ta yi shekara arba'in tana jayayya da fafaromomi a kan a bar ta da matan da suka bi ta su zauna ba dukiya, aka amince da ƙa'idarta a watan Agusta 1253, kwana biyu kafin ta cika. Katarina ta Siyena ita ma gashinta ta yanke don a daina yi mata maganar miji, ba ta ma shiga gidan zuhudu ba, a gidan ubanta marini ta zauna, amma ta je har Abinyon a Faransa, inda fafaromomi suke zaune a lokacin, a 1376 ta matsa wa Fafaroma Giregori na 11 ya koma Roma. A zamanin da mace ba ta da makaranta, gidajen nan ne wurin da take koyon karatu, ta riƙe dukiya, ta shugabanci jama'a. Hildegad ta Bingen a Jamus ta rubuta kiɗa da littattafan magani a ƙarni na 12, Teresa ta Abila ta kafa gidaje 17 a Sifaniya kafin ta rasu a 1582.

Maƙwabtanku na ECWA ko COCIN ko Baptist za su ce muku su ba su san wannan ba, kuma gaskiyarsu. Martin Luta, jagoran Furotestan da suka rabu da Katolika, ya koyar cewa wa'adin zuhudu ba ya ɗaure lamiri. A 1523 mata 12 suka gudu daga gidan zuhudu na Nimbshen a Jamus da taimakonsa, ɗaya daga cikinsu, Katarina fon Bora, ya aura a 1525. Katolika da Otodoks, har da Kibɗawan Masar da Habashawa, su suka riƙe abin. Angilika suka farfaɗo da shi a ƙarni na 19. Abokanku Musulmi kuma sun san zancen daga Suratul Hadid, aya ta 27, inda aka ambaci rahbaniyya, wato zuhudun mabiya Annabi Isa, kuma a wajensu aure ne sunna, don haka kada ku yi mamakin in sun ga abin baƙo.

Irin sistar da ƙanwarka take so ta zama, mai jinya a asibiti, sabuwa ce in aka gwada da waɗancan. Tun 1298 Fafaroma Bonifas na 8 ya ce duk mai wa'adi a kulle take, ba fita. Anjela Merici ta kewaye wannan a 1535 da ƙungiyar 'yan mata masu zama a gidajen iyayensu. Binsent de Pol da Luwiza de Mariyak suka yi dabara a Faris a 1633: matansu ba su yi wa'adin har abada ba, duk shekara suke sabuntawa, don kada doka ta kulle su ta hana su zuwa wurin marasa lafiya. Sai a 1900 Fafaroma Liyo na 13 ya amince da masu aiki a waje a matsayin cikakkun masu wa'adi. Luwiza ɗin nan gwauruwa ce mai ɗa. Wannan ya nuna maka cewa abin da sista take alkawari shi ne kamewa daga ranar wa'adi zuwa gaba, ba wanda yake duba jikin kowa.

Daga irin waɗannan ne suka zo mana. Sistocin Our Lady of Apostles sun sauka Legas a 1878, su ne kuma suka buɗe makarantar 'yan mata ta Kakuri a Kaduna wadda yanzu ake kira Queen Amina College. Na St Louis sun iso Kano daga Ailan a 1948. 'Yan ƙasa suka fara shiga da Handmaids of the Holy Child Jesus a Kalaba a 1931. Sudan kuma ta ba ikilisiya Josefin Bakhita, wadda aka sace a Darfur tana yarinya, aka yi ta sayar da ita har ta faɗa hannun wani jakadan Italiya a Khartoum, wanda ya tafi da ita Italiya. A 1889 uwargijiyarta ta zo ɗaukarta daga wurin sistoci a Venis, ta ce ba ta zuwa, hukuma ta tabbatar ita 'ya ce ba baiwa ba. Abu na farko da ta zaɓa da 'yancinta shi ne ta zauna. Ta yi wa'adi a 1896, ta rasu a 1947, aka sa ta cikin waliyyai a shekarar 2000.

Hanyar fita tana nan, kuma an shimfiɗa ta da gangan saboda tarihin da na ba ka. Da farko ƙanwarka za ta yi zaman sanin juna da sistocin, wata shida zuwa shekara biyu gwargwadon ƙungiya. Sai zaman gwaji na ainihi, wanda dokar ikilisiya ta 1983 ta ce ba ya gaza wata 12, ba ya wuce shekara biyu. A duk wannan lokaci tana iya ɗaukar jakarta ta dawo gida ranar da ta ga dama, su ma suna iya sallamarta. Bayan haka sai wa'adin wucin gadi na talauci da kamewa da biyayya, shekara uku zuwa shida, ana iya ƙarawa amma kada jimla ta wuce tara. In wa'adin ya ƙare ba ta sabunta ba, ta fita, tana iya aure a coci kamar kowa. Wa'adin har abada ba a yinsa kafin shekara 21, kuma wanda aka yi da tsoro ko tilas ko yaudara ba wa'adi ba ne a doka. Bayan na har abada ne ƙofa take ƙuntata: sai ta rubuta wa shugabar ƙungiya, a kai takardar ga Roma ko ga bishop gwargwadon irin ƙungiyar, a warware mata. Ana bayarwa, na ga waɗanda aka ba, amma in ta yi aure kafin takardar ta fito auren bai ɗauru ba. Matsalar da na fi gani ba ta doka ba ce, ta bakin mutane ce: yarinya ta gane ba wurinta ba ne amma ta daure saboda kunyar a ce ta kasa. Tun yanzu ku faɗa mata a fili cewa ɗakinta yana nan.

Ku tambaye ta me take nufa, ba me take gudu ba. In wani saurayi ne ya ɓata mata rai, ko tana tsoron aure saboda abin da ta gani a gidan wata, masu horar da ita za su gano, gara ku riga su. Akwai kuma hanya ta uku da mutane da yawa ba su sani ba: a 1970 aka dawo da tsohon tsarin budurwa mai zama a gida, bishop ya keɓe ta a coci, ta ci gaba da aikinta da albashinta ba ta ƙarƙashin wata ƙungiya. Wannan kam sai wadda ba ta taɓa aure ba, kuma ba a yi wa ƙaramar yarinya.

Ku kuma yi maganar kuɗi tun da wuri, don a nan ne dangi suka fi jin zafi daga baya, ba a rashin jikoki ba. Wa'adin talauci yana nufin albashin jinyarta na ƙungiya ne, su ci da ita, su yi mata magani, su riƙe ta a tsufa. Ba za ta iya biyan kuɗin makarantar ƙanne ba, kuma wa'adin biyayya yana nufin ana iya tura ta Gusau ko Yola ko wata ƙasa ba tare da an shawarci Mama ba. Ƙungiyoyi sun bambanta a kan hutun zuwa gida da taimaka wa iyaye in sun tsufa ko sun kwanta ciwo, saboda haka kai da wani babba a dangi ku je ku zauna da sistar da ke kula da masu neman shiga, ku tambaye ta waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin a kai ga ɗinkin farin kaya.